Ranar da Yaya Ya Gaishe da Bafulataninsa

A gidanmu na Kazaure, Barbarci bai wuce bakin kakarmu ba. Kakanninmu daga gabas suka zo da fataucin kanwa, wuri ya yi musu daɗi suka zauna. Kafin a haife mu harshen ya narke, ya bar mana abu biyu kacal, turaren wuta da tsokanar Fulani. Turaren na mata ne, tsokanar kuwa ta kowa ce, har yaron da bai iya ɗaura tazuge ba. Idan mai tallan nono ta yi sallama a zaure, kakarmu daga cikin ɗaki za ta ɗaga murya ta ce a shigo mata da baiwarta. Mai nonon kuma ba za ta sauke ƙwarya ba sai ta tambaya ko tsohuwar baiwar nan tasu tana da sauran rai, ko hayaƙin turare ya gama da ita. Bayan nan ne za a gaisa, a dama fura. Ban taɓa ganin ran wani ya ɓaci ba, har na girma ina zaton haka ake yi ko'ina a duniya.

Wanda bai tashi a cikin abin ba zai ɗauka faɗa ake. Babarbare da Bafulatani abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba ranar da za a raba gardamar. Ƙa'idar wasan guda ɗaya ce, ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana ita, amma kowa ya sani. Wanda za ka tsokana sai yana wurin, kuma idan ka gama sai ka tsaya ya rama.

Yayana, wanda nake bi, shi ya gaji bakin kakarmu. Tela ne, shagonsa yana kan hanyar shiga kasuwa, kuma kamar yadda kowane Babarbare na ƙwarai yake da nasa, shi ma yana da Bafulataninsa. Sa'ansa ne, daga wata ruga a bayan Gwiwa, mahaifinsa a zauren babanmu yake sauka duk ranar kasuwa, a nan suka saba tun suna wasan ƙasa. Dogo ne siriri, idan ya juya gefe sai ka nemi inda ya shiga. Har furfura ta fito musu, ranar kasuwa ba ta wucewa bai jingina sandarsa a ƙofar shagon ba.

"Kai bawa, ubangidanka ya iso, ba za ka miƙe ba?"

"Wa ya bar garke a buɗe?" in ji Yaya, ko ɗaga kai daga keke ba zai yi ba. "Shigo a hankali, kada iskar fanka ta yi gaba da kai."

Yaya ne yake ɗinka masa kayan sallah, kuma kowace shekara magana ɗaya ce. Sai ya ajiye tef ɗin awo ya ce ba ya ɓata lokacinsa, sandar kiwon zai auna, ai jikinsu ɗaya. Ya ce yadi ɗaya ya ishe shi riga da wando, har a rage wa yaro hula. Shi kuma ya ce ai dole Babarbare ya yi ƙiba, tunda ba abin da ya iya sai zama a inuwa yana jiran nonon da wani ya tatsa. Maƙwabtan shago sukan bar abin da suke yi su jawo benci. Ni ma idan na kawo wa Yaya abinci ba na tsira, sai ya tambaye ni ko yau ma turare na dafa.

A shagon nan aka gano Yaya. Da yayin ɗaukar mai gabatarwa a biki ya shigo garuruwanmu, da lasifika da kujerun roba da rumfar haya, abokan wani ango suka ce ya zo ya riƙe musu taro. Daga ranar bai ƙara hutun ƙarshen mako ba. Yau Roni, gobe Babura, jibi Achilafiya ko Kanya Babba. Yakan kwaikwayi ɗan acaɓan Roni da yake rantsuwa hanya lafiya lau alhali fasinja yana rataye a bayansa, da ɗan kasuwar Babura da ya saba da sefa har yana gaisuwa da muryar mutanen tsallake, da tsohuwar da ta zo biki da kwano uku a cikin mayafi. Mutane suna riƙe ciki, tsofaffi suna share hawaye da bakin rawani. Ba na ɓoyewa, ina alfahari da shi, ko a asibiti aka tambaye ni sai in ce ni ƙanwar mai barkwancin nan ce.

Zancen Fulani kullum a ƙarshe yake ajiye shi, kuma yana da yadda yake yi. Sai ya leƙa taro ya nemo Bafulatani. Idan babu, ya tsallake wannan ɓangaren gaba ɗaya, ko an roƙe shi ba ya yi. Idan akwai, ya yi masa tas, sannan ya taka har inda yake zaune ya miƙa masa makirufo. Sau da yawa ramuwar ta fi tsokanar ba da dariya, shi kuwa Yaya ya tsaya ya harɗe hannu yana sha.

Bikin da ya jawo mana abin a Roni aka yi shi. Angon ɗan ƙanin Bafulatanin Yaya ne, amarya 'yar gari. Bayan la'asar ne, an kafa rumfa a fili, duwatsun Roni suna can bayanmu, ina ɓangaren mata da ɗan kwanon alkakina. Dangin ango suka iso cikin shiga ta kece raini, Bafulatanin Yaya a gaba da babbar rigar da Yaya ya ɗinka masa. Yaya yana hango shi ya gyara murya.

"Mutanen Roni, dangin ango sun iso! Mai akuya ya ɗaure, mai tunkiya ya sa ta a ɗaki ya kulle. Duk wanda ya ga bawan nan nawa ya doshi turkensa, ya yi ihu!"

Tsohuwar magana ce, na ji ta a bakin kakarmu ba adadi. Aka kwashe da dariya, Fulanin sun fi kowa. Yaya ya taka ya miƙa makirufo. Mutumin ya karɓa bai yi gaggawa ba, ya hura shi kamar mai hura wuta, sannan ya ce, "Jama'a, ku yi masa uzuri. Akuyar Babarbare ko a hanya na tsince ta ba na kora ta gida, ta shaƙi turare har nononta ba ya shawuwa. Shi kuma wannan, kakana ne ya sayi kakansa da ƙwarya ɗaya ta tsala, kuma har yau a gidanmu ana cewa an cuce mu." Wata tsohuwa kusa da ni sai da ta zame daga kujera. Aka ci, aka sha, aka kai amarya, kowa ya kama hanyar gida da farin ciki.

Ashe wani cikin samarin ya ɗauka a waya. Ban san shi ba, ba na kuma son in sani. Ya yanke bidiyon daidai inda Yaya ya ɗaga ƙafa zai kai makirufo, ya saka a kafafen sada zumunta. Abin da duniya ta gani shi ne wani ƙaton mutum da lasifika yana kiran Fulani ɓarayi a bainar jama'a, ana ta dariya.

Kafin mako ya zagayo wayar Yaya ta zama abin tsoro. Mutanen da ba su taɓa taka Kazaure ba, ba su san ko shi Babarbare ne ko Bature ba, suna ta zazzaga masa zagi. Wasu suka ce a kama shi, wasu suka ce duk wanda ya ƙara gayyatarsa biki maƙiyin Fulani ne. Har a wani shirin rediyo na safe da ake buga waya aka yi ta kansa. Ni dai raina ya ɓaci matuƙa. Na zauna ina mayar wa mutane martani ɗaya bayan ɗaya, ina bayanin wasan Barebari da Fulani ga yaran da na haifi kamarsu, har babban yatsana ya yi tsami. Ba wanda ya saurare ni, wani ma cewa ya yi Hajiya ki je ki yi barci.

Zagin bai karya Yaya ba, yabon ne ya karya shi. Akwai waɗanda suka ɗauki bidiyon suna yaɗawa da murna, suna cewa ga wanda ya faɗi gaskiya, ai duk haka suke. A shekarun nan da ake fama da masu satar shanu da mutane a dazukan yamma, akwai masu neman ko wace irin sanda su doki Bafulatani da ita, sai ga Yaya ya miƙa musu ba da saninsa ba. Na same shi a zaure yana karanta irin waɗannan. Ya ce da ni, "Ki ji masu sona."

Ana cikin haka sai ga ɗan Bafulatanin nasa, babban, wanda yake karatun aikin jinya a Kano. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe mu. Na ɗaure fuska don na zaci rashin kunya ya kawo.

"Baffa," ya ce, kansa a ƙasa, "ni na san wasa ne. A cinyarka na girma, kai ka ɗinka min rigar makaranta ta farko. Amma ka san idan za ni Kano, a shingen hanya ni kaɗai ake saukewa daga mota a tambaye ni inda na ɓoye bindiga. Yanzu kuma 'yan ajinmu sun samu bidiyon nan, ina shiga aji wani zai ce a ɗaure awaki. Baffa, su ba abokan wasana ba ne. Ba kuma wanda yake miƙo min makirufo."

Yaron bai ɗaga murya ba, bai nemi komai ba, ya sake gaishe mu ya tashi. Gaskiyarsa ce, kuma na ji haushin kasancewarta gaskiya.

Washegari Yaya ya sa farar riga, ya zauna a ƙofar shago aka ɗauke shi yana ba Fulanin duniya haƙuri. Wasu suka karɓa, wasu suka ce tsoro ne ya sa shi, bayan ɗan lokaci duk suka koma kan wani. Shi kuwa ya ba wani yaron unguwa lasifikarsa kyauta, ya koma kan kekensa. Masu biki suka yi ta sintiri, ya ce ya daina. Na ji zafin wannan, amma na ce a raina ai bakinsa ne, ya yi yadda ya ga dama da shi.

Abin da ban zata ba shi ne wanda ya faru ranar kasuwar da ta biyo baya. Na je karɓar ɗinkina, ina zaune a benci, sai ga sanda an jingina a ƙofa.

"Kai bawa, an ce ka yi suna har a rediyo. To ubangidanka ya iso."

Yaya ya tsayar da keke. Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi masa ba, ya ba shi hannu biyu. "Barka da zuwa, Malam. Ya hanya? Ya iyali, ya dabbobi?" Ya jawo kujera ya kakkaɓe ta, ya aika a kawo ruwan sanyi.

Mutumin ya waiga bayansa, ya zaci wani baƙo ne ya shigo tare da shi. Da ya ga ba kowa sai ya yi 'yar dariya ya sake gwadawa. Ya ce lallai bawa ya fara hankali, saura ya durƙusa. Yaya ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Malam. Abin da ya faru a yi haƙuri." Maƙwabtan da suka fara jawo benci suka mayar. Bafulatanin ya zauna a bakin kujerar kamar wanda ya zo wurin alƙali, ya ɗan taɓa zancen damina, ya tashi. Ruwan ko buɗe shi bai yi ba. Ya ƙara zuwa wasu 'yan kasuwanni, kullum gaisuwar ce dai da hannu biyu, daga nan sandar ta daina bayyana a ƙofar shagon.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai matar Bafulatanin ta biyo ta gidana da ƙwaryar nono. Na ce a shigo min da baiwata, ta amsa min yadda ya kamata, muka yi dariya, amma dariyar tata ba ta kai ciki ba. Ta ce maigidan yana kwance, ciwon ƙirji ne, an kai shi asibiti an dawo. Sannan ta rage murya. "Ba ciwon ne ya fi damunsa ba. Cewa yake me ya yi wa Babarbaren nan da yake gaishe shi kamar baƙo. Ya ce shi bai kai ƙara wurin kowa ba, bai ce a ba shi haƙuri ba, ranar ma ai shi ya ci wasan."

Ko mayafi ban gyara sosai ba na nufi shago. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na ce, "Yaya, mutanen da ba su san ka ba sun zage ka, ka ba su haƙuri, ban ce komai ba. Shi wannan me ya yi maka da ka hukunta shi? Yana can kwance yana tambayar laifinsa."

Ya ce, "Bakina nake tsoro. Duk abin da zan faɗa sai in ji kamar akwai waya a bayana."

Na ce to ya tashi mu je inda ba waya, in kuwa ya ƙi, ni zan tafi ni kaɗai in gaya wa mutumin cewa bawansa ya gudu.

Da safe muka hau mota zuwa Gwiwa, daga can muka ɗauki acaɓa. Hanyar duk taɓo, gero ya rufe mu ta ko'ina, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na kashin shanu ya tuna min lokacin da babanmu yake kawo mu rugar nan mu sha madara da ɗuminta.

Mun same shi a gindin wata bishiya, an shimfiɗa masa tabarma da matashi. Da ma yaya lafiyar jikin, yanzu kuwa sai ƙashi da idanu. Ɗansa mai karatun jinya yana gefensa, da wasu samari biyu kowa da waya a hannu. Yaya ya cire takalmi, na ga yana shirin haɗa hannu biyu.

Mara lafiyan ya riga shi. Da ƙyar muryar take fita. "Sai yau ka ga damar zuwa gaishe da ubangidanka, malalacin bawa?"

Yaya ya dubi samarin, ya dubi wayoyinsu, ya sunkuyar da kai. Sai ɗan nan ya miƙe, ya karɓi wayoyin 'yan'uwansa ya haɗa da tasa, ya zuba su a wata ƙwarya, ya kife faifai a kai, ya kai cikin bukka. Ya dawo ya durƙusa ya ce, "Baffa, yana jiranka."

Yaya ya ja numfashi. Ya ƙare wa mutumin kallo daga kai har ƙafa, irin kallon da yake yi wa mai awo.

"Wa ya ce maka gaisuwa na zo? An ce min ka kusa, na zo in auna ka saboda likkafani. Ashe ma wahalar banza na sha. Yadi ɗaya ya ishe ka, har a rage wa yaro hula."

Dariya ta kama mutumin har ta koma tari, ɗansa yana riƙe da shi yana shafa masa baya, shi kuma yana ɗaga hannu alamar a dakata, bai gama ba. Yaya ya harɗe hannu ya tsaya yana jira, hawaye yana bin gemunsa. Da tarin ya lafa ya ce, "Ka ji ɓarawon tela. Ko a likkafanin ma sai ka ci yadi." Matarsa ta rangaɗa guɗa daga bakin bukka. Ranar ya sha fura rabin ƙwarya, suka yi ta yi har rana ta karkata, ni ma na samu rabona.

Bai kai ga cin sabon gero ba. Da saƙon ya iso Kazaure, Yaya ya rufe shago, ya shiga kasuwa ya yanko alawayyo mai kyau, ya saɓa a kafaɗa muka tafi. A gindin bishiyar nan ya zauna ya haɗa likkafanin da zare da allura, dattawan ruga suna zagaye da shi. Wani tsoho ya dubi tulin yadin ya ce, "Babarbare, wannan ai ya yi yawa."

Yaya bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ku bar shi haka. Ya ce ina cin yadi, to ya je ya auna da kansa."